Kaset Ɗin da Ya Zo Babu Kala

Shekarun baya can, lokacin da kaset ɗin bidiyo yake tashe, waya ba ta fara ɗaukar hoto ba, ina da ɗan shago a Sinnar. Sana'ata juya kaset. Na san yaran yanzu ba za su gane ba, to bari in yi bayani. Talabijin ɗin Amurka da namu na Sudan ba tsari ɗaya suke bi ba. In aka ɗauki biki a nan aka aika can, ba zai kallu ba sai an juya shi zuwa tsarinsu. In kuma daga can ya zo, a yawancin talabijin ɗin ƙauyukanmu murya za ta fito, hoto ma zai fito, amma fari da baƙi, babu kala ko ɗigo. Na'urata ce take gyara wannan. Tahawil muke ce wa aikin, kuma a lokacin ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro shi.

Babban mai kawo mini aiki abokina ne na ƙuruciya. Ƙauyenmu ɗaya, kusa da Abu Hujar, tare muka yi wankan kogi, tare muka sha bulalar malam. Allah ya yi masa tafiya Amurka, yana tuƙin tasi. Duk Bahaushen Sudan da ya gamu da shi a can, sai ya haɗa shi da ni, kaset ɗin aure da na suna su yi ta wucewa ta shagona. Shi ma duk kaset ɗin da zai aiko wa mahaifiyarsa ta hannuna yake biyowa, in juya, in kai mata. Inna muke ce mata mu duka. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma ganinsa a talabijin yana dariya shi ne kwanciyar hankalinta. Wannan kwanciyar hankalin ce na je na taɓa da karambanina.

Wata Juma'a na je gida, sai mahaifiyata take gaya mini abokina ya aiko da sabon kaset ta hannun wani matafiyi, kai tsaye zuwa wurin Inna. Raina ya sosu. Wato ya samu wani gwanin a can, ko kuwa aikina ne ya daina burge shi? Ko ruwa ban gama sha ba na nufi gidansu.

Na tarar da Inna zaune a kan angarib, gadon nan na igiya, a ƙarƙashin rumfa, tana kallo ita kaɗai. Ga abokina nan a zaune kan kujera, fari da baƙi, yana gaishe ta, yana cewa yana nan lafiya lau, aiki ne ya yi yawa shi ya sa bai zo bana ba. Da na ga babu kala sai na ji sanyi a raina, ashe ba wani gwani ya samu ba. Na ɗauka mantuwa ce kawai.

Na ce, "Inna, ai wanga kaset ba a yi mishi tahawil ba. Ba ni shi, jibi in maido miki da kalatai, ki ga ɗanki tamam."

Ta ce, "Bar shi hakanan, ya waladi, ɗana. Ina ganin shi, ina jin muryatai. Mi ya rage?"

Na ce ai abin kunya ne a ce ina raye, ina da na'ura, uwar abokina tana kallon ɗanta kamar hoton katin shaida. Ta sake cewa in bari. Na nace. Ni a tunanina nauyina take ji, ba ta so ta ɗora mini aiki. Da ta ga ba zan tashi ba, sai ta zare kaset ɗin ta miƙo mini, ba ta dube ni ba.

A ƙa'idar sana'ar, mai juya kaset yana zama ya kalla har ƙarshe. Ni kuwa gwani, da na ga kala ta hau, sai na bar na'ura tana aikinta na fita shan jabana, kofin nan namu, wurin maƙwabcina mai gyaran rediyo, ina ba shi labarin yadda zan ba tsohuwa mamaki.

Kuma ban kai mata a ɓoye ba. Ina! Sai da na bi gida-gida na ce a zo bayan la'asar a ga ɗan Amurka da kala. Aka tada janareta, aka fito da talabijin tsakar gida, mata suka cika tabarmi, dattawa suka zauna a bakin rumfa. Na tsaya kusa da talabijin ina gyara wuyan jallabiya.

Da farko abin ya yi yadda nake so. Rigar da ake gani toka-toka ta fito shuɗiya, furannin bayansa suka fito ja, mata suka ɗauki "Masha Allah". Wani ya ce lallai yaron nan ya iya aikinsa, kaina ya ƙara girma. Sai abokina ya matso kusa da kyamara zai yi wa Inna addu'a, fuskarsa ta cika talabijin.

Idanunsa sun yi rawaya kamar ƙwaiduwar ƙwai. Leɓensa ya bushe ya yi fari, fatarsa ta koma wata iri. Abin da fari da baƙi ya rufe, kala ta fito da shi fili.

Can wata tsohuwa ta ce, "La ilaha illallahu! Wagga ai shawara ce, kuma ta ci jiki."

Na yi wuf na kama maɓallin talabijin ina murzawa, ina cewa kala ce ta yi yawa, haka na'ura take yi wani lokaci. Wani dattijo ya ce, "Ya zol, bawan Allah, bar wahal da kanka. Bangon bayanshi ai fari ne tas. Idon ne ba fari ba."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ja gefen tob ɗinta, mayafin da ta lulluɓa, ta rufe fuska, ta ce, "Halas, ya isa. Kashe." Na kashe. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar gidan Inna a daɓe take. Haka na tsaya da kaset a hannu, mutane suna fita ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi mata sannu, babu mai duba inda nake. Na ajiye mata kaset ɗin biyu, na asali da mai kala, na fita.

Da na koma Sinnar na je shagon buga waya na kira shi. Labari ya riga ni isa. Muryarsa a raunane take, amma sai da ya yi 'yar dariya.

Ya ce, "Kai da ka san harkar nan fiye da kowa, ba ka tambayi kanka mi ya sa ban biyo ta hannunka ba? Na san talabijin ɗin Inna. Na san babu kalar da za ta fito."

Ciwon hanta ne, ya daɗe yana fama. So yake ya samu sauƙi tukuna, kada ta kwana tana tashi da zullumi, ga teku tsakaninsu. Shi ne ma ya ce mini, "Malesh, yi haƙuri, ya akhi, alheri ka yi niyya." Kalmar da ya kamata ta fito daga bakina, shi ya riga ni faɗa.

Daga ranar gidan Inna bai rabu da masu zuwa jaje ba. Wannan ta kawo saiwa, wancan ya kawo rubutu a aika Amurka, wata ta zauna tana lissafo waɗanda shawara ta kashe. Inna ta daina zama a rumfa. Kafin kaka ta zagayo, Allah ya karɓi abinsa, a can aka binne shi.

Bayan an tashi daga zaman makoki ta aika in zo. Na shiga ina jan ƙafa. Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ɗauko kaset mai kalar ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Wanga naka ne, tafi da shi. Ni wancan mai fari da baƙi nike kallo."

Na fara cewa ta yafe mini, ni na sa ta san abin da bai so ta sani ba. Ta ɗaga hannu.

"Kai ka sanar da ni? Ya waladi, ni na haife shi. Tun ranar da kaset ya zo na ga wuyan riga ya yi mishi yawa, na ga sai ya dafa kujera yake tashi. Uwa sai da kala za ta gane ɗanta? Shi ya rufe don kada in damu, ni na rufe don ya ɗauka ban gani ba. Abin da ya rage mana ke nan, ni da shi."

Na ɗauki kaset ɗin na fita.

Yau babu mai juya kaset, na daɗe da rufe shagon, Inna ma ta bi ɗanta. Amma har yanzu in na tuna yadda na bi gida-gida ina gayyato mutane, sai in ji kunya ta rufe ni kamar jiya aka yi. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba ma nawa ba ne. Tun daga lokacin, in mutum ya ce mini "bar shi hakanan", ina bari, ko da ina ganin zan iya gyarawa.

Kaset ɗin yana nan a ƙasan akwatina. Aikin ya yi kyau, kalar ta fito sosai. Ban sake kallonsa ba.