Hannun Tafireta

Jiya wata yarinya ta shigo shagona a yi mata rajistar jarrabawa. Tana zaune tana jiran layi ya zo kanta, sai ta buɗe kwalbar jan farce ta fara shafawa. Warin na dukan hancina na ji ni a gindin mangwaron ƙofar gidanmu, a unguwar ma'aikatan reluwe ta Kafanchan, ina tsaye kusa da teburin Baba. In ba ka taɓa buga rubutu a kan sitansil ba, sai na yi maka bayani. Wata takarda ce mai kaki a jiki, ana sa ta a tafireta haruffa su huda ta, sannan a ɗaura ta a inji a yi ta juyawa da hannu har kwafi ɗari su fito. In ka yi kuskure, akwai wani jan ruwa a 'yar kwalba da ake ɗigawa a toshe hudar. Warinsa da na jan farce uwa ɗaya uba ɗaya.

Baba ya yi shekaru yana buga takardu a ofishin reluwe. Da jirage suka fara ƙaranci aka sallame shi, sai ya sayi tsohuwar tafireta ya kafa tebur a gindin mangwaron nan. Duk wanda ke son rubutunsa ya fito da mutunci, wurin Baba yake zuwa: mai neman aiki, dillalin citta da ke son takardar yarjejeniya, matan zumunta da waƙoƙinsu, malamin ƙaramin asibitin ƙauye da katin marasa lafiya. In damina ta yi tsakiya, zangon karatu ya zo ƙarshe, hedimastoci ne ke layi da tambayoyin jarrabawa a jakar leda don kada ruwa ya jiƙa su.

Ina 'yar shekara tara ya fara koya mini. Yakan rufe mini hannu da tsumma don kada in kalli haruffa, ya ce in daka da ƙarfi, tafireta ba ta jin raɗa, kuma dole bugun ya ratsa har takarda ta uku. In na kai ƙarshen layi ƙararrawa ta yi ƙara, sai in kai hannun hagu in make sandar da ke mayar da takarda farkon layi. Kafin in gama firamare na fi shi sauri, har ya sa mini suna Sakatariya. Ƙanwata, wadda na girma da shekara uku, ba a bari ta taɓa injin. Aikinta ta hura jan ruwan nan ya bushe, ta kawo mana ruwan sha. Ba zan ɓoye maka ba, wannan rabon aiki ya yi mini daidai, kuma ban taɓa tunanin zai sauya ba.

Ina da shekara goma sha bakwai kwamfuta ta shigo unguwarmu. Wani ɗan kabilar Ibo ne ya kawo ta, wanda aka haifa a nan Kafanchan, mahaifinsa ya yi aikin jirgi tare da Baba. Oga muke ce masa. Ya ware rabin shagonsa na littattafai, ya sa labule da fanka, ya lulluɓe na'urar da farin ƙyalle. Mutane suka yi ta zuwa kallo. Aka ce in ka yi kuskure gogewa ake yi, ba jan ruwa, ba yaga takarda. Aka ce katin biki na fitowa da fure a gefe. Cikin wata biyu matan zumunta suka koma can, dillalan citta suka bi su, teburin Baba ya fara wuni da ganyen mangwaro a kai.

Baba bai yi fushi ba, mutum ne mai hangen nesa. Da ya ji Oga na neman wanda zai riƙa buga masa aiki, sai ya ce in yi wanka in sa kayan coci. Ƙanwata ta biyo mu, wai za ta ga kwamfuta. Na zauna a kujerar ina jin kaina, na ɗora yatsu, na daka yadda aka koya mini. Harafi ɗaya ya cika rabin layi. Na ci gaba, gumi na keto mini. Da na ga na kai ƙarshen layi, hannuna na hagu ya tashi da kansa neman sandar nan, ya make gefen gilashin kwamfutar har ya girgiza. Oga ya yi tsalle ya rungume gilashin.

"Baba, wannan yarinya zai kashe mini kaya! Ba turmi ba ne fa."

Don a kawar da kunya Oga ya ce ƙanwata ma ta gwada. Ta zauna a bakin kujera, ta taɓa haruffan da yatsu biyu, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a acca. Oga ya yi murmushi.

"Wannan na ke so. Hannunshi sabo ne, ba abin da zan cire mishi."

A hanyar gida Baba ya dafa kanta, ni kuwa ina biye da su a baya. Shekara takwas ina daka, yatsuna sun yi kanta, ashe abin da na iya ne ya kayar da ni, ita kuma rashin iyawa ya ɗaga ta.

Daga ranar na kamu da ciwon da ba a kai shi asibiti. Na ji kishinta, kishi mai ɗaci, irin wanda ke hana tuwo wucewa. In ta dawo da yamma tana ba Baba labarin yadda ta ƙara wa harafi girma, ko yadda ta jera sunayen magunguna na wani kemis a cikin gida-gida, shi kuma yana cewa, "To! To!" sai in tashi in shiga madafa. Tana dawowa jikinta da sanyin fanka, ni hannuna baƙi ƙirin da tawadar kabon. 'Yan zumuntar matasa suka fara kiran ta Kwamfuta. Har tafiyarta na ga ta sauya, ko da yake yanzu na san idona ne ya sauya. Abin da ya fi ƙona mini rai, ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ta yi, da na samu abin kamawa.

Sai ga wata Asabar a watan Yuli, ruwa ya kwana ya wuni yana zuba. Hedimastan wata makarantar ƙauye, wanda shekara da shekaru Baba ke yi wa aiki, ya kai wa Oga tambayoyin jarrabawar aji shida gaba ɗaya. Ranar Litinin za a fara, shi kuma zai dawo da la'asar a ranar Asabar ɗin ya karɓa. Ƙanwata ta zauna a kansu tun sassafe, ko karyawa ba ta yi ba. Wajen ƙarfe uku Mama ta zuba gwate a kwano ta ce in kai mata.

Na tarar Oga yana gaban shago da masu saye. Ta ɗago ta ce, "Yaya, saura shafi ɗaya!" Ta fita bayan shago wanke hannu, na rage ni kaɗai da na'urar. Na kalli rubutun nan reras a gilashi, ba karkata, ba tabo. Na kalli makunnin da ke jikin bango. Ga abin da na ƙudura, kuma Allah ne shaidata: in kashe, gilashin ya yi duhu, ta dawo ta firgita, Oga ya daka mata tsawa ko sau ɗaya a gabana. A sanina, abin da aka buga ya bugu. In ka tashi daga kan tafireta ka je kasuwa ka dawo, takardarka na nan yadda ka bar ta. Ban san rubutun kwamfuta ba ya zauna ko'ina ba sai an adana shi, shi kuma Oga, da yake iliminsa rabi ne, ya koya mata adanawa sai an gama aiki. Na kai hannu na kashe, na ƙirga uku, tsoro ya kama ni, na kunna.

Na'urar ta yi gurnani ta daɗe, ta buɗe, babu komai. Ƙanwata ta shigo hannunta na ɗigar ruwa, ta danna nan ta danna can, sai ta fasa kukan da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba. Oga ya shigo a guje. Ya kalli fanka ya ga tana juyawa, ya san ba wuta aka ɗauke ba. Ya ce ƙafarta ce ta ja waya, sau nawa zai gaya mata. Ni ina tsaye riƙe da murfin kwano, ko kallona bai yi ba. Da hedimasta ya iso ya ji labari, ya kwashi takardunsa na rubutun hannu, ya ce shi dama bai yarda da abin da ba a iya riƙewa a hannu ba. Ya nufi gidanmu cikin ruwa.

Baba dattijon ikilisiya ne. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya buɗe tafireta ranar Lahadi ba, ko wa ya mutu. Amma yara ɗari da wani abu za su zauna jarrabawa, kuma 'yarsa ce aka ce ta ɓata aikin. Da muka sauko daga sujadar safe ya shigar da tebur cikin ɗaki, ya saki labule don kada masu wucewa su gani. Ya ce, "Sakatariya, zo. Allah ya ga dalili." Ni na buga, shi yana karanto mini, yana juya inji. Ƙanwata na durƙushe a ƙasa tana jera takardu, idanunta sun kumbura. Aka buga ƙararrawar sujadar yamma, ranar kuwa Baba ne zai ja addu'a. Ya tsaya da juyawa, ya sunkuyar da kai har ƙarar ta ƙare, sannan ya ci gaba.

A nan ne ya kamata in ce nadama ta kama ni. Ƙarya zan yi. Daɗi na ji. Yatsuna na gudu, Baba na kusa da ni, ya manta da kowa. Da muka gama kafin faɗuwar rana ya ce, "Yau kin fid da gidan nan kunya," na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙirji. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ni dai na ga hassadar da ta cinye shukar har saiwa.

Ranar Talata Baba ya je ba Oga haƙuri. Oga ya ce ba zai iya sake amincewa da ƙaramar ba, amma ya ji irin saurin babbar, in za ta sassauta hannu ta zo. Sharaɗinsa ɗaya, ƙaramar ta yi mako guda tana nuna mata. Haka na zauna a kujerar, ƙanwata na tsaye a bayana. Ta nuna mini yadda ake kunnawa, da yadda ake gogewa, muryarta ba fushi ba komai. Sannan ta kama yatsana ta ɗora a kan maɓalli biyu, ta sunkuyo dab da kunnena.

"Wannan shi ne sebin, wato adanawa, Yaya. Duk layi goma ki yi. Ba ki san wa zai kawo miki abinci ba."

Ban juyo ba. Ba ta gaya wa Baba ba, har ya koma ga Ubangiji yana yi wa baƙi labarin Lahadin da Sakatariya ta cece shi.

A kan kujerar nan na gina rayuwata. Na yi shekaru wurin Oga, na buɗe nawa shagon, na yaye yara da dama. Yau manomin citta na duba farashi a wayarsa kafin dillali ya buɗe baki, ɗalibi na ganin sakamakonsa daga ƙauye, asibiti na tura hoton ƙirji Jos a duba a dawo da amsa kafin mara lafiya ya tashi daga benci. Na'urorin yanzu ma da kansu suke adana aiki, ko ka zare waya rubutunka na nan. Laifin da na yi, yau ba zai yiwu ba, kuma hakan bai rage mini komai ba.

Ƙanwata ta zama ungozoma a wani ƙaramin asibiti wajen Kauru. Da aka kai musu kwamfutar rajistar marasa lafiya, ta miƙa wa wata ƙaramar ma'aikaciya, ta ce ita hannunta na karɓar jarirai ne. Matan garin na sa wa 'ya'yansu sunanta, kuma in faɗa maka gaskiya, har wannan ma yana ɗan sosa mini rai. Duk ƙarshen wata takan zo da rahotonta rubuce da biro in buga mata. Mu gaisa, mu yi hirar yara, mu yi dariya, amma a bencin masu jira take zama. Watan jiya shago ba kowa, na tashi na juya mata kujerar, na ce ta zo ta buga da kanta, ai ita ta koya mini. Ta kalli kujerar, ta gyara zaman jakarta a cinya.

"A'a, Yaya, zauna abinki," in ji ta. "Kin sha wahala kafin ki same ta."