Inna Turai da Matan Rakiya

A Goronyo, idan ka ce Turai kawai, sai a tambaye ka wacce daga ciki. Idan kuwa ka ce Turai mai banda, da haɓa ma za a nuna maka gidan. 'Yar masunta ce, a bakin gulbin Rima aka yanke mata cibi, kuma tun tana budurwa ta iya kyafa tarwaɗa yadda za ta daɗe a kwando ba ta yi tsutsa ba. Aure ne ya shigo da ita cikin gari, gidan Malam Yusha'u manomin albasa, mutum mai sanyin magana. Ita Allah bai ba ta wannan sanyin ba. In ta tuntsire da dariya a tsakar gida, maƙwabta sukan taya ta ta bayan katanga, alhali ba su ji abin da aka faɗa ba.

Da ƙuruciya ba ta san zama ba. Da safe tana bakin gulbi tana jiran masunta, da rana tana kasuwa, in lokacin cirar albasa ya zo kuma ga ta a fadama da ƙwaryar fura a ka. Amma shekaru ba sa neman izinin kowa. Malam Yusha'u ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yanta mata suna ɗakunansu, ɗaya a Wurno ɗaya a Maikujera, autanta Zayyanu kuma aiki ya riƙe shi a Sakkwato. Turai ta fita takaba, amma ba ta tashi daga tabarmar da ta yi takabar a kanta ba. Hayaƙi ya fara damun idonta, ta ajiye banda. Daga nan sai zama: ta ci, ta jingina, ta kunna rediyo, ta yi gyangyaɗi. Ƙafafu suka kumbura, dariyar nan ma ta yi ƙaura.

Wata rana da hantsi ta tashi za ta ɗebi ruwa a randa, jiri ya kwashe ta. Nan ta kwanta a gindin randar, tana jin kiran sallar azahar ba ta iya tashi ba, har sai da la'asar ta yi, aminiyarta Sabuwa ta shigo aron rariya ta same ta. Washegari Zayyanu ya iso da jajayen idanu.

“Inna, hankalina ba shi kwance,” in ji shi. “Tun hantsi kina ƙasa ba wanda yas sani. In anka cire albasa jikin ga bai yi dama ba, mota za ni kawowa mu tahi Sakkwato.”

Turai ta san gidan nasa na Sakkwato. Bene ne mai daɓe mai santsi da ƙatuwar ƙofar ƙarfe. Surukarta mutuniyar kirki ce, ba ta rage ta da komai ba. Amma ta taɓa yin mako guda a can, ba ta ji sallamar kowa ba sai ta mai kawo ruwa. Nan kuwa ga ɗakin Malam, ga dogon yaron da ya dasa da hannunsa, ga katangar da in ta yi tari Sabuwa za ta ce mata sannu. Tsoron barin gidan nan ya fi mata tsoron ciwon nesa ba kusa ba.

Da aka kai ta a duba ta, malamar asibiti, Mahbuba, wata siririyar mata mai fara'a, ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta soki ɗan yatsa, sannan ta gyara zama.

“Inna, jininki ya hau, suga ma ya hwara leƙowa. Ga magani, amma shi kaɗai ba ya isa. A rage gishiri da zaƙi, kuma kullum da sahe ki riƙa tahiya har ki ji zuhwa.”

“Tahiya zuwa ina?”

“Ko'ina. Ki tahi ki dawo.”

“In tahi ba wurin kowa ba, in dawo ba da komi ba? Ɗiyata, wanga ai shi na mahwarin taɓuwa.”

Duk da haka ta gwada, saboda motar Zayyanu na tsaye a ranta. Ba ta kai ƙarshen layinsu ba aka fara: “Inna, lahiya? Wa yar rasu?” Ta ce ba kowa. “To ina zuwa?” Ta ƙara sauri ta wuce. Can sai ga wani ɗan kabu-kabu, abokin Zayyanu na ƙuruciya, ya ci birki ya rantse da Allah ba zai bar uwar abokinsa tana taka ƙasa yana kan babur ba. Haka ya ɗauko ta ya dire ta a ƙofar gida, yana jin ya yi aikin lada.

Sabuwa ta sha dariya har da riƙe ciki, sannan ta kawo dabara. Mace ba ta fita haka siddan, gaskiya ne, amma wa ya taɓa tare mai zuwa gaisuwa? Ai zumunta a ƙafa take. Suka zauna suka tuno duk inda ya kamata su leƙa ba su leƙa ba: wadda ta haihu ba a je barka ba, wadda ta kwanta ba a je dubiya ba, wadda ɗanta ya dawo daga tafiya ba a je sannu ba. Sai su zaɓi gida mafi nisa, su ɗauki mayafi da sanyin safiya su kama hanya. Yanzu in an ce ina zuwa, amsa na nan a bakinsu. Mahbuba ta ji daɗi ƙwarai, har ta riƙa turo musu wasu dattijan mata masu irin lalurar, ayari ya fara kauri.

Kai, an yi kwanakin daɗi! Turai ta sake ganin garin da ta haifi 'ya'yanta a ciki kamar baƙuwa. Ashe an yi sabon masallaci a bayan kasuwa. Ashe kukar nan ta hanyar fadama tana nan ba ta faɗi ba. In suka ɓullo bayan gari suka hango albasa kore shar, balbelu na bin masu ban-ruwa, sai ta ji ƙirjinta ya buɗe. Hira kuwa ba a magana. Dariyarta ta dawo da ƙarfinta, har awaki na tsorata.

Sai dai akwai abin da ba wanda ya yi tunaninsa. Baƙonka annabinka, kuma a Goronyo ba a yi macen da za ta ga dattijai sun tako tun daga wancan gefen gari domin ta, ta bar su su tashi haka ba. Kafin su gama gaisawa an shimfiɗa tabarma. Kafin su gyara zama an dama fura da kindirmo, an zuba suga ba na wasa ba. Wani gidan a haɗa da masa, wani gidan a ce ɗumame bai huce ba. Da labari ya bazu cewa su Inna Turai na zagayen zumunci, sai abin ya koma gasa, kowace uwar gida tana gudun a ce gidan wance ya fi nata karamci. Su kuma su ci su yi hamdala, su taso da kyar, su lallaɓo gida su kwanta.

Bayan wata guda Turai ta hau ma'auni a asibiti tana murmushin wadda ta yi aikin a yaba mata. Mahbuba ta duba, ta sake dubawa, ta auna suga, sannan ta ɗago kai.

“Inna, tsakaninki da Allah, kina tahiyag ga?”

“Ga Sabuwa nan, tambaye ta. Takalmina har ya suɗe.”

“To in kun isa inda za ku, mi kukai?”

Turai ta dubi Sabuwa, Sabuwa ta dubi rufin ɗaki.

“Hura,” in ji Turai a hankali.

Mahbuba ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye, su ma suka taya ta. Amma a hanyar komawa gida dariyar Turai ta ɗauke. An gudu ba a tsira ba. Da safen nan ta ga albasa ta fara kwantar da ganye, kuma matar manomi ta san ma'anar wannan: cira ta kusa.

Cewa a daina ci abu ne mai sauƙi a bakin malamar asibiti. Amma ka zauna a tabarmar mutum, a ajiye maka ƙwarya ka ture, ai ka ce kana riƙe da shi a zuci ke nan, ko kuma kana zarginsa da abin da ba a faɗa. Zumuncin da suka ɗinka da ƙafa sai su farke shi da baki. Turai ta yi ta juya abin tana tsintar wake, har ta tuno wani abu. Duk gidan da suka je, in sun tashi, uwar gida takan yafa mayafi ta taka musu zuwa bakin layi, don ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai. Kuma abincin, sai an zauna yake wajaba.

Da Hajiya Ma'u suka fara, wadda furarta ludayi ke tsayawa a ciki, ita kanta kuma rabonta da bakin layinsu tun bikin autarta. Suka yi sallama suka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, ba wadda ta cire takalmi.

“Maraba, maraba! A kawo tabarma!”

“A'a, Hajiya, ba zama munka zo ba,” in ji Turai. “Wucewa mukai, munka ce ba mu gitta ƙohwarki ba mu gaishe ki ba.”

“Ko ruwa ba ku sha?”

Ruwa kam suka sha, a tsaye. Hajiya Ma'u ta jawo mayafi tana cewa bari ta ɗan taka musu. A bakin layi ta ja ta tsaya.

“To, ni nan zan koma. Ku gaida gida.”

“Af!” in ji Turai. “Ban ba ki labarin abin da ɗan kabu-kabu yai min ba?”

Labarin ya kai su bayan kasuwa. Da Hajiya ta sake cewa za ta juya, Sabuwa ta ɗauko na surukin wance da ya sayi rago ashe tunkiya ce. Kafin baiwar Allah ta farga, ga ta a gindin kuka tana kallon fadama, tana haki tana dariya tana cewa Allah ya isa tsakaninta da su. Kuma tunda ba ya kyautuwa a bar wadda ta yi maka rakiya ta koma ita kaɗai daga wannan nisa, sai suka rako ta har gida. Washegari ba su yi sallama ba ma, a ƙofa suka same ta da mayafinta.

Haka aka riƙa kamo su ɗaya bayan ɗaya, har mutanen gari suka sa musu suna matan rakiya. Ba wanda ya ƙara tambayarsu ina zuwa, don kowa ya san wata ce ke raka wata, ko da yake ba a taɓa gane wace ce baƙuwar ba. Suka tsayar da wurin haɗuwa a gindin wata tsamiya, da an idar da sallar asuba gari ya yi haske. Kumburin ƙafar Turai ya saɓe. Barci ya dawo mata, ta koma tasowa daga sujada ba tare da ta dafa bango ba. Ran Lahadi Mahbuba kan biyo su da abin awonta a jaka, ta auna kowa a inuwa. Na Turai ya sauko, ba duka ba, amma ya sauko, aka ce ta riƙe maganinta kada ta yi wasa.

Aka cire albasa, buhuna suka cika kasuwa, warinta ya cika gari. Ran wata Juma'a da yamma motar Zayyanu ta tsaya a ƙofar gida. Washegari da safe, Turai na shirin ɗaukar mayafi, ya ce yana son magana da ita. Suka zauna a gindin dogon yaro.

“Na ga Malama Mahbuba, ta gaya min komi,” ya ce. “Na yi murna, Inna, Allah ya sani. Amma ba awo na ad damuwata ba. Ke kaɗai ki ke cikin gidan ga. In kin sake hwaɗuwa, wa za shi sani?”

Duk tafiyar da Turai ta sha, ba ta tanadi amsar wannan ba. Gaskiya yaron ya faɗa, kuma don ƙauna ya faɗe ta, shi ya sa ta fi ciwo. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta, idonta ya cika. Suna nan zaune har rana ta fara hawa katanga.

“Salamu alaikum! Turai! Ke Turai!”

Sabuwa ce, ta faɗo gidan ko amsa ba ta jira ba. A bayanta Hajiya Ma'u, mayafi a hannu, tana haki. A bayansu wata, da wata, da wata, har tsakar gida ta rasa masaka tsinke. Ba mai dariya a cikinsu.

“Lahiya kike? Mun tsaya gindin tsamiya ba mu gane ki ba!”

“Ni har na aika a kira Malama!”

Sai a lokacin suka lura da Zayyanu. Dole ya durƙusa ya bi iyayen nan da gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace na tambayarsa iyali da aiki, har gwiwarsa ta gaji. Da ya samu ya ɗago, ya dubi Hajiya Ma'u.

“Hajiya, kullum haka kukai in wata ba ta hito ba?”

“Yo mi za mu jira? Ranad da Adawiyya tam makara, ƙyaure munka ɓalle. Ashe baiwar Allah wanka takai.”

Gidan ya kaure da dariya, wadda ake magana a kanta tana rantsuwa har yau ba a gyara mata ƙyauren ba. Zayyanu ya yi dariya shi ma, sannan ya juya baya ya share ido da hannun riga. Ya daɗe yana kallon matan nan da suka cika gidan ubansa. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko takalman uwarsa, ya durƙusa ya ajiye su a gabanta.

“Inna, ana jiranki. Rana na yi.”

Turai ta dube shi, ta gane. Ta zura ƙafa, ta miƙe ba ta dafa komai ba, ta yafa mayafi. Sai da ta kai bakin zaure, mata na gaba mata na baya, sannan ta waiwayo.

“Akwai ɗumame cikin tukunya, Auta. In ka tashi tahiya, ka jawo min ƙohwa.”