Kalmar da Surukata Ta Faɗa a Waya

Ɗana na fari ya tafi Sifen karatun aikin jinya, ya zauna can, ya auri 'yar ƙasar. Ni da babansa muna nan gida a unguwar Romi, sai dai mu gan su a waya ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Matar ba ta jin Hausa, Turancinta kuma bai wuce na gaisuwa ba. Yawanci murmushi muke yi wa juna har ɗana ya karɓi wayar.

Duk lokacin da hoton ya tsaya cik saboda rashin sabis, sai in ji tana cewa, "Espera, Mama, espera." Ɗana ya ce ma'anarsa "ki jira", in kuma ta ce "espero", to "ina jira" ke nan. Har na fara faɗa wa masu Keke Napep idan za su ja kafin in gyara zama.

Wata damina maigidana ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa ya shanye. Muna asibiti surukar ta kira da hantsi, ɗana yana wurin aiki. Ta yi dogon zance idanunta jawur. Abin da na tsinta kawai shi ne "espero", ta faɗa ta sake faɗa.

Na ajiye wayar. Mutum yana kwance ko cokali ba ya iya riƙewa, me ake jira?

Da yamma na tambayi ɗana.

"Haba Mama," in ji shi, "cewa ta yi tana fatan Baba ya warke. A yarensu jira da fata kalma ɗaya ce."

"To yaya suke bambantawa?"

"Daga abin da ya biyo bayanta. Wani lokaci ma ba a bambantawa."

Na koma kan bencin da ke gefen gado na daɗe ina juya maganar. Tun da muka zo nake zaune a nan, ina kallon yatsunsa ko za su motsa. Da wani ya tambaye ni jira nake yi ko fata, ni ma ban san amsar da zan ba shi ba.

Kafin Kirsimeti aka sallame mu. Yanzu yana takawa da sanda har bakin ƙofar gida, maganarsa a hankali. Surukar ce ta aiko masa da wata ƙwallon roba da yake matsawa don hannun ya saki, ko wanka zai shiga sai an roƙe shi ya ajiye ta.