Nassirou da Tutar Motar Jakada

Da ya idar da sallar asuba, Nassirou yakan shimfiɗa tawul a kan teburin cin abinci ya goge wani ɗan ƙyalle da bai fi tafin hannu biyu ba. Tuta ce, shuɗiya, da hoton kwalekwale a tsakiya. Matarsa Zara takan ce ko kayan sallar yaransa bai taɓa yi musu irin wannan guga ba. Ba ya musu. Sai ya naɗe ta, ya sa a aljihun gaban mota, ya bar garin Laurel inda yake zaune zuwa Washington kafin hanya ta cushe.

Mutumin Tasawa ne a Nijar. Da ya zo Amurka ya yi wankin mota, ya ja tasi, sannan a 2002 ya sami aikin direba a ofishin jakadancin wata 'yar ƙasar tsibiri wadda mutanenta duka ba su kai na Maraɗi ba. 'Yan uwansa direbobi sukan tsokane shi cewa ƙasar tasa sai an sa tabarau ake ganinta a taswira. Shi kuwa yakan ce ko ba a ganta ba, motarta ta fi tasu tsafta.

Wadda ta ɗauke shi aiki ita ce Jakadiya Constance, tsohuwar malamar makaranta. Da ƙasarsu ta sami 'yancin kai, ita ta buɗe ma'aikatar harkokin waje a wani ɗaki da ke saman gidan waya, da tafireta ta aro. Ita ce kuma ta buɗe ofishin Washington, ɗaki biyu tsakanin wani likitan haƙori da wani lauya. Jakada ɗaya ke riƙe da Amurka da Kanada da Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ya sa hanyar New York ta zama wa Nassirou kamar hanyar masallaci.

Ranar da ya fara aiki ta nuna masa siririn sandan ƙarfen da ke goshin motar.

"Idan ina ciki, ka sa tuta. Idan na fita, ka cire. Ko mijina ne a ciki, ko ɗana. Ba mu da soja, ba mu da fetur. Ranar da aka ga wannan ƙyalle yana yawon banza, ba wanda zai ƙara ɗaukarmu da daraja."

Ba ta sake maimaitawa ba, shi ma bai buƙaci a maimaita masa ba.

Constance ta koma gida, wasu jakadu suka zo suka tafi, har aka kawo Jakada Gregory, wani siririn dattijo mai sanyin murya wanda ko kujera ya buge sai ya ba ta haƙuri. Nassirou yana girmama shi, amma a ransa bai ɗauka zai iya tsaya wa kowa ba.

A bazarar 2013 ƙanen ministan harkokin wajen ƙasar ya zo Washington. Ba ma'aikacin gwamnati ba ne, sayayya ta kawo shi. Jakada ya ce a kai shi babbar kasuwar rangwame ta Woodbridge. Mutumin ya sauko, ya dubi goshin motar.

"Ina tuta?"

"Tana ciki, yallaɓai."

"To sa mana."

"Jakada ba ya cikin motar."

Mutumin ya yi dariya, ya buɗe aljihun gaban mota da kansa, ya zaro tutar ya soka a sandan, a karkace ma. Ya shiga baya ya harɗe ƙafa. Nassirou ya kashe mota, ya fito, ya tsaya a gefen titi hannuwansa a baya.

"Ka san ko ni wane ne?"

"Na sani, yallaɓai. Zan kai ka duk inda kake so, har dare in ka ga dama. Amma ban da tuta."

"Yau za ka bar aikin nan. Yanzu zan kira yayana."

Ba barazanar wofi ba ce. Takardar zaman Nassirou a Amurka a ɗaure take da wannan aiki, haka ta Zara, haka ta babbar 'yarsu Fatouma wadda aka haifa a Nijar kuma take ajin ƙarshe na sakandare. Idan aka sallame shi, su uku duka sun tashi. Ya san haka sarai sa'ad da ya kashe motar.

Pauline Katung, sakatariyar ofishin, 'yar Kagoro ce, da ita kaɗai yake Hausa a wurin aiki. Ta hango su ta taga ta sauko a guje, takalminta a hannu.

"Malam Nassirou, don Allah! A kan tsumma za ka mayar da Fatouma Tasawa?"

"Tsumma ne ke biyan ki albashi, 'yar Kagoro."

"Ka ji shi ko! Wa zai gani? Woodbridge fa za ku, ba Fadar Shugaban Ƙasa ba."

"Ni zan gani."

"Taurin kanku na mutanen Nijar, wallahi sai addu'a."

Ta koma sama tana ƙunƙuni. Mutumin yana cikin mota yana ta danna waya. Can sai ga Jakada Gregory ya fito, riƙe da jakarsa da 'yar lemarsa. Baƙon ya tare shi da faɗa: ko a kori direban nan, ko minista ya ji cewa an wulaƙanta ƙanensa a ofishin da yake riƙe da shi.

Jakada ya saurara har ƙarshe, yana ta gyaɗa kai yana ba da haƙuri. Sannan ya dubi tutar, ya gyara mata zama a kan sandan, ya zagaya ya buɗe ƙofar baya ya shiga ya zauna kusa da baƙon.

"Nassirou, ai yanzu ina ciki ko?"

"Kana ciki, Ekselans."

"To mu je. Dama ina neman safa."

Haka suka kama babbar hanyar kudu, tuta tana kaɗawa. Baƙon ya sami abin da ya nema, kuma ba shi da ƙarar da zai kai, don ba a taɓa jin wanda ya yi kukan cewa jakada guda ya raka shi kasuwa ba. Ya wuni yana shiga kantuna. Jakada ya wuni a kujerar baya a filin ajiye motoci, takardu a kan cinya, yana amsa wayar New York. Da Jakada ya fita kama ruwa, Nassirou ya cire tutar. Da ya dawo, ya mayar. Jakada yana gani. Safar ma bai saya ba.

Ba a sake ta da maganar ba. Fatouma ta gama makaranta, ta wuce karatun aikin jinya a Baltimore. Idan direbobi suka zauna zagin iyayen gidansu, Nassirou ba ya sa baki, amma daga ranar ba wanda ya isa ya kira Jakada Gregory rago a gabansa.

Ni ɗan tasi ne, mun san juna tun yana jan tasi. Ganina da shi na ƙarshe a bakin aiki a filin jirgin Dulles ne, a 2018, ina layin tasi. Ya kawo Jakada Gregory wanda ya gama wa'adinsa zai koma tsibiri. Ana yayyafi. Ya sauke akwatuna, suka yi musabaha, dattijon ya daɗe bai saki hannunsa ba. Ɗan sanda yana ta busa usur a matsa da mota. Nassirou ya jira har ƙofar gilashi ta rufe a bayan Jakada, sannan ya zagaya gaban motar, ya zare tutar, ya kakkaɓe ruwan, ya naɗe ta ya sa a aljihun gaba, ya ja motarsa.