Ƙunshin Shagari

Ni dillaliya ce tun ina da goyon fari, kuma sana'ar ba ta da wani jari sai ƙafa da baki. Mace tana cikin gidanta a Bodinga, tana son ta sayar da zane ko tasa ko 'yan kunne, ba za ta fita kasuwa ba, sai ta aika a kira ni. In ɗaure kayan a ƙunshi, in bi gida gida har in sami mai so, in kawo mata kuɗinta, ta cire mini la'ada. Abin da ba a faɗa amma kowa ta sani shi ne, mai saye ba ta tambayar kayan na wace ce, ni ma ba na faɗa. A kan wannan rufin asirin ake buɗe mini ƙofa. Ranar da ya tashi, ni da ƙunshina mun tashi aiki.

Farkon mulkin farar hula na biyu kuɗi sun ɗan yi yawo. Mace kan sayar da zane don kawai ta gaji da ganinsa. Daga baya rediyo ya fara maganar tsuke bakin aljihu, sabulu ya ɓuya, madara ta zama ta masu hanya. Mijina tela ne a kasuwa, ɗinkin sabo ya ƙare masa, ya koma faci, facin ma sai an dace. Tukunyar gidanmu ta dawo kan ƙunshina, kuma ni mutum ce mai sa abu a rai, ko tari yaro ya yi sai na hango likkafani.

Mu mutanen Bodinga muna tsokanar na Shagari cewa su ai shugaban ƙasa nasu ne, hatsi ta sama yake zubo musu. Ni na san ba haka ba ne, don ƙanwata tana aure a wajen, a Dandin Mahe, gidan wani manomin albasa. Ni na raine ta bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni na yi mata kayan ɗaki. Yarinya ce mai zurfin ciki har ya yi yawa. Ko wuta take ci ka tambaye ta, lafiya lau za ta ce maka, ta haɗa da murmushi.

Da wuya ta yi wuya, mata suka fara fitar da zannuwan ƙasan adaka, waɗanda ba a taɓawa sai biki. Nan take dillalai suka yi yawa. Duk mai mayafi da ƙafa biyu ta ɗauki ƙunshi. Ban ga laifinsu ba, yunwa ce ta fito da su, amma bakinsu bai san birki ba. Don ciniki ya faɗa da wuri, sai ka ji wata tana raɗa wa mai saye cewa zanen na wance ne, ta matsu, ko nawa aka taya za ta sallama. Wasu kuma su karɓi kaya a wannan gida su sayar a gidan da ke jingine da shi.

Abin ya fashe a wani suna. Ina wurin, ina zaune kusa da tukunyar tuwo. Wata amarya ta shigo da zane ɗan ubansu, tana taku ɗai-ɗai, sai wata tsohuwa mai ƙaramin ji da babbar murya ta ce, "Ke, wanga ba zanen matar mai hatsi ba na? Shi na, wallahi, da shi taz zo bukin ɗiyata."

Matar mai hatsin tana zaune a tabarma ta gaba. Mijinta babban ɗan kasuwa ne da kowa ke ganin ya fi ƙarfin wahala. Ta ajiye lomar da ke hannunta, ta wanke hannu, ta nemi takalmanta. Na bi ta da ido har ta fita, na san abin zai shafe ni, ko da yake ba ni na sayar da zanen ba.

Mata ba su tsaya bambance wace dillaliya ce ba. Daga ranar, in na yi sallama sai a turo a ce matar gida tana barci, alhali ina jin dakanta. Gidajen da nake shiga har ƙuryar ɗaki suka koma ba ni ruwa a zaure. Na yi ta yawo da ƙunshi ba nauyi, in dawo in tarar da yara sun zuba wa ƙofa ido. Na daina cin abinci sosai, na koma faɗa da kowa, har akuyar maƙwabta ta sha zagi a wurina.

Akwai wata tsohuwar dillaliya a Shagari da duk muke kira Inna, ta fi kowa daɗewa a sana'ar. Na hau a-kori-kura na tafi wurinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta dube ni ta ce, "Mi yak kawo ki da rana tsaka, ɗiyata?"

Na ce, "Inna, an ruhe muna ƙohwa Bodinga."

Ta ce, "Nan ma haka na. To mi kika so a yi?"

A cikin mota na riga na ƙulla abin da zan faɗa. Na ce mu tara dillalan garuruwan biyu mu zama ƙungiya, mu sa wa kanmu doka tun kafin mata su kore mu gaba ɗaya. Kayan Bodinga kada a sayar da su a Bodinga, na Shagari kada a sayar da su a Shagari. Mu riƙa haɗuwa muna musayar ƙunshi. Wadda ta karɓo kaya ba ita za ta sayar ba, wadda za ta sayar kuma ba ta san mai su ba, balle bakinta ya yi ƙaiƙayi.

Inna ta daɗe tana tauna goro kafin ta ce a kira taro.

Taron bai yi daɗi ba. Mun cika tsakar gidanta, kowa na magana, ba mai sauraro. Wata sabuwar dillaliya, doguwa mai tsiwa, wadda nake zargin ita ta yi ɓarnar ranar suna, ta miƙe ta ce, "To wa ka biyan mota? In kuma zane yab ɓace hanya, wa za a kamawa?"

Inna ta ce, "Ni za a kamawa. Zamna."

Ta zauna, amma ba ta yi shiru ba. "In mai saye tat tambayi mai shi hwa?"

Ni na amsa, da zafi fiye da yadda ya kamata. Na ce ta ce ba ta sani ba, kuma gaskiya za ta faɗa. Na ƙara da cewa ko a tsakaninmu, wadda ta tambayi 'yar'uwarta kayan nan na wace ce, ko ta faɗa, a daina musaya da ita, ta je ta nemi wata sana'ar. Doguwar ta harare ni ta ce za ta riƙe wannan maganar. Aka yarda a raba la'ada tsakanin mai karɓowa da mai sayarwa, kowace kuma ta ɗaura wa kayanta zare mai launinta don kuɗi su san hanyar komawa. Aka raba goro, aka shafa fatiha. Na koma gida ina jin kamar na ɗauki tulun wani a ka, kowane taku ina tsoron tuntuɓe.

Sai da muka bi gida gida muna bayani kafin ƙofofi su fara buɗuwa. Matar mai hatsi ce ta ƙarshe. Ranar da ta miƙo mini wata tasa ta ce a kai Shagari, na fita zaure na share hawaye.

Sojoji suka karɓi mulki, abubuwa suka ƙara tsanani. Muka ji tsoron a ce mata suna taron siyasa, sai muka riƙa haɗuwa kamar masu zuwa barka, da ƙunshi a ƙarƙashin mayafi. Daminar shekarar ruwa ya ɗauke gero yana tsaka da fitar da kai, rijiyoyin fadama suka ja baya, albasa ta ƙi. Ƙunshin Shagari ya riƙa zuwa da nauyi fiye da namu. Kullum na kwance shi sai na tuna ƙanwata, in aika a gaishe ta, saƙo ya dawo cewa lafiya lau.

Wata ranar musaya a gidan Inna na kwance rabona ina dubawa. Na ɗaga wani zane shuɗi mai zanen ganye, holan na gaske, sai hannuna ya tsaya. A bakinsa akwai wata 'yar ƙuna da aka ɗinke da baƙin zare. Ni na yi ɗinkin. Ana gobe za a kai ƙanwata ɗakinta muna turara kayanta, garwashi ya yi tsalle ya taɓa zanen, ta yi ta kuka, na zauna na ɗinke mata. Shi ne mafi tsada a kayan aurenta, kuma ta sha cewa da shi za a gane ta a lahira. Zaren da ke ɗaure da shi na Inna ne, wato ita ta karɓo shi da hannunta, ita ta ga ɗakin, ta ga yaran.

Na ce, "Inna, wanga..."

Ta ɗago ta ce, "Wanga mi?"

Doguwar nan ta bar abin da take yi ta zuba mini ido. Tambayoyi sun cika mini baki: suna cin abinci, yaran suna tsaye, mijin yana gida ko ya tafi cin rani? In na furta ɗaya, matan nan duka sun san ƙanwata ta sayar da zanen aurenta, kuma dokar da na fi kowa ɗaga murya a kanta ta mutu a bakina.

Na ce, "Wanga holan na. Shina da kyau."

Inna ta ce, "Shina da kyau," ta ci gaba da ƙulla kayanta.

A mota na gane ramin da muka bari a dokarmu. Mun raba garuruwa, mun manta cewa aure ya riga ya haɗa su. Rabin matan Bodinga sun ga zanen nan ranar biki, ƙanwata ita kanta tana zuwa da Salla, ba inda zan kai shi. In na mayar da shi ban sayar ba, na hana yaranta abinci. In na je mata kai tsaye, na nuna na sani, kuma na san halinta, ta gwammace ta mutu da ta haɗa ido da ni. Hanya ɗaya ta rage, in saye shi da kaina. Abin da na mallaka mai darajarsa kuwa ɗaya ne, baƙin saƙi na mahaifiyarmu, zanen saƙar hannu, wanda ya faɗo a rabona na gado.

Ko da yake mallakina ne, kayan Bodinga ne, ba a sayar da shi a Bodinga. Na ɗaura masa zarena na kai wa Inna, na ce, "Wanga a kai shi nesa, Inna. Kajiji, ko gaba." Ta shafa saƙin, ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba. Kuɗinsa suka zo, na mayar wa Inna da su a matsayin kuɗin shuɗin zanen. Shi kuma na ninke shi na sa a ƙasan adakata.

A taro na gaba na kawo shawarar a riƙa tambayar mai kaya garuruwan da take da dangi, don a kauce musu. Aka karɓa ba gardama, har doguwar ta ce wannan magana ce. Sai dai ta zo a makare, saƙin ya riga ya tafi. Na yi ta lallashin kaina cewa Kajiji da nisa.

Ana nan wata safiya na ji sallama, na fito na ga ƙanwata da ƙwarya a ka, da goyo a baya. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, zanen jikinta ya koɗe. Muka shiga ɗaki ta sauke ƙwaryar, gero ne a ciki. Ta ce, "Yaya, na zo gaishe ki. Ga ɗan hatsi, mun samu rara."

Rara, a shekarar da ko tsuntsu bai ƙoshi a gona ba. Na buɗe baki zan ce ta mayar wa yaranta, sai ta riga ni. Ta ce, "Na tahi wani suna Kajiji. Mata sun yi ado, Yaya." Ta tsaya tana kallon wuyana da hannuwana kamar mai duba mara lafiya.

Sai a lokacin na gane. Ta ga saƙin uwarmu a jikin baƙuwa, ta ɗauka yunwa ce ta ci gidana har na rabu da shi. Geron nan kuwa na san kuɗin da aka saye shi da su, don ta hannuna suka bi. In na ƙi karɓa sai na faɗi dalili, dalilin kuma yana ninke a cikin adakar da ta zauna a kai tana kwance goyonta.

Na ce, "Madalla. Allah shi ƙara rufin asiri."

Ta ce amin. Ta ƙi hutawa, ta surfa geron da kanta, ta daka, ta dama mana fura ba nono. Ta tura mini ƙwaryar gabana, ita ta ja baya ta ce ta ƙoshi a hanya. Na riƙe ludayin, ina jin nauyin kowace ƙwaya da aka ɗebo daga bakin 'ya'yanta.

Ta ce, "Sha mana, Yaya."

Na sha.