Saje Mu'awiya da Darasin Kasuwa

Saje Mu'awiya mutumin Sanyinna ne. Ya yi shekara ashirin da biyu a soja, bakwai daga ciki a Borno, ya dawo gida da ciwon gwiwa ya koma noman gero. Bara aka kira shi Kebbe ya horar da samari arba'in da za su tsare ƙauyuka daga 'yan bindiga. Ni aka ba rajistar horon, shi ya sa na san yadda kwanakin suka tafi.

Mako uku aka ba shi, ya raba su biyu. Rabi harbi da kwanciya ƙasa da neman mafaka. Rabi kuma abin da yake kira darasin kasuwa: ya kwashe su ba bindiga, su zauna wurin masu shanu, su gaisa, su tambayi lafiyar garke, su san wa ke sayen me, kuma don me.

"Saje, yaƙi muka zo koyo, ba gaisuwa ba," in ji Gazali, wanda ya fi su iya harbi.

"To, Janar, wa za ka harba? Ka san shi?"

A rana ta shida takarda ta zo, an rage horon zuwa kwana goma saboda an kai hari nan kusa. Saje ya zauna gaban teburina yana murza gwiwa.

"Malam, kwana fuɗu suka rage. In na kai su daji ba su iya kwanciya ba, gawa nika kwasowa."

Ya ce in soke darasin kasuwa. Na soke. Ba zan ce ya yi kuskure ba, domin bayan wata guda an yi musu kwanton ɓauna a hanyar Tambuwal, kuma duka sun dawo da ransu.

Amma a makon kwanton ɓaunar ne Gazali ya tsare wani dattijo makiyayi a shingen hanya, da burodi talatin a bayan babur. An gaya musu masu kai wa 'yan bindiga abinci haka suke sayen burodi. Suka sa shi tsallen kwaɗo gaban jama'a. Ashe dattijon, Jumare, burodin sunan jikansa ya sayo, wanda za a yi washegari. Shi ne kuma yake buga wa Saje waya duk sa'ad da baƙin babura suka ƙetare rafin rugarsu, abin da Saje kaɗai ya sani. Daga ranar wayar Jumare ta daina shiga.

Ni na kai Saje rugar a babur. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa da ƙyar. Jumare ya shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura.

"Baba Jumare, laifina ne. Ban koya musu ba."

"Ba komi, Saje. Yara ne."

"Wayar fa?"

"Ta lalace."

"In kawo maka wata?"

"A'a, kar ka wahala. Idon ma ba shi gani nesa yanzu. Wanda ya wuce, ya wuce."

Saje bai sake roƙo ba. Ya shanye furar, ya yi godiya, ya dafa kafaɗata ya miƙe. A hanyarmu ta komawa Kebbe ya ce in rage gudu saboda gwiwa.