Wankan Baffa Ali

Ranar wata Asabar bayan la'asar, a daminar da na shiga aji huɗu, Baba ya sa wankakkiyar rigarsa, ya riƙe hannuna, muka nufi zauren wani malami a Gashuwa. Baba masunci ne daga Dagona. A gidanmu kullum ana ɗinkin komar su ko bandar kifi, ni kuma aikina korar kuliyoyi daga wurin shanya. Yayansa, Baffa Ali, yana kwance a ƙauye an cire rai da shi, tsohon da yake musu wankan gawa kuma ya rasu. Baba so yake ya koyi wankan kafin ranar ta zo.

Zauren yana da tsarinsa. Manyan ɗalibai, yawancinsu 'yan kasuwa, su ne kusa da buzun malam, kowa yana biya littafinsa bi da bi. Baƙo a bakin ƙofa yake zama, wajen takalma, ba ya tambaya sai karatu ya kawo shi babin. Baba bai san haka ba. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya faɗi buƙatarsa. Malam ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, kafin ya gane zancen wani mai shagon yadi ya toshe hanci ya ce, "Sarkin ruwa, kai ka iya wanke kanka tukun?" Aka kwashe da dariya, aka ce ya faro daga babin tsarki, gawa tana can gaba.

Baba ya yi ta zuwa yana zama wajen takalma, amma Baffa bai jira ba, ya rasu. Baba ya wanke shi da hannunsa. Bayan zaman makoki ya koma zauren ya bayyana musu yadda ya yi, yana neman wanda zai kwantar masa da hankali. Ashe bai yi masa alwala ba, kuma ta hagu ya fara. Mai yadin nan ya ce, "Ai kifi ka wanke, ba Musulmi ba. Haka zai tashi."

Baba bai sake taka zauren ba. Duk lokacin da muka je Dagona muka wuce maƙabarta, sai ya rage murya ya ce, "Na cuci Yaya."

Sai a jami'a na karanta babin. In ban yi kuskure ba, kuma masana sun fi ni sani, abubuwan da ya bari mustahabbai ne. Tunda ruwa ya game jiki, wankan ya yi. A lokacin Baba ya riga ya rasu.

Yau zaurukan sun koma cikin waya. Ba na cewa tsarin karatu ba shi da amfani. Amma nakan ga baƙo ya jefo tambaya a rukuni, a amsa masa da hoton dariya, a ce ya koma ya yi karatu, ya fice shiru. Ba wanda ya san abin da ke kwance a gidansa. Baba amsar numfashi ɗaya yake nema, ya tafi kabari bai ji ta ba.